Kwamfutar da Amininsa Ya Bari

Tunda ka ce kunya ce ta hana ka tambaya, zauna in ba ka misali. An yi wani gwanin kwamfuta cikin masu haɗa wata babbar manhaja ta kyauta, irin wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, wadda kowa ke da ikon buɗe cikinta ya gyara. Al'adarsu ita ce, duk wanda ya zo ɗora ta a kwamfuta ta ƙi, sai ya kwafi abin da allo ya rubuto ya liƙa a zaurensu na intanet, 'yan'uwa su taru su duba. Shekara da shekaru shi ke ba mutane amsa a zauren nan, har da ɗan gatse ga sababbin shiga, amma ba a taɓa ganin tasa tambayar ba. Yana da amini, malamin firamare, wanda ya shafe shekara huɗu yana mayar da kalmomin manhajar zuwa Hausa, layi-layi, in an tashi daga makaranta. Saura ƙiris ya aika aikin, ajali ya riske shi. Da matarsa ta fita takaba, sai ta naɗo kwamfutar mijin cikin zane ta kawo wa gwanin, ta roƙe shi ya ƙarasa ya aika, ko 'ya'yansu sa ga sunan ubansu cikin jerin waɗanda suka yi aikin.

Manhajar da ke kan kwamfutar ta kwana biyu, sai ya ce bari ya ɗora sabuwa daga filashinsa, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, ya gwada fassarar a kai. Bai kwashe komai ya ajiye gefe ba, don a ganinsa aikin minti ashirin ne, ai ya yi irinsa ya fi a ƙirga. Ta kama, ta yi nisa, ta tsaya cak, allo ya zubo rubutu. Ya sake, ta tsaya a wurin ɗazu. Har sau biyar. Ya buɗe zauren ya rubuta tambaya har rabi, sai ya tuno mutanen da ya sha yi wa dariya, ya goge. Shi kaɗai ya yanke cewa rumbun ajiyar kwamfutar ne ya cakuɗe, ya danna a share shi, yana zaton fassarar tana wani ɓangare da shara ba za ta kai ba. Bai duba ba. Aka share tas, ya sake ɗorawa, ta tsaya a wurin nan dai. Sai a sannan ya sauke kai ya tambaya. Ko minti goma ba a yi ba wata sabuwar shiga ta amsa masa cikin ladabi cewa filashin ne ya lalace, ya canja wani. Ya canja, manhaja ta hau sumul. Ya shiga neman fassarar, wayam. Mako guda yana tono, abin da ya samo bai wuce layi tara ba. Ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar jana'iza, don sai yanzu ne ya ji ya binne amininsa da hannunsa. Ranar Juma'a matar ta yi sallama a ƙofar shagonsa, ta gaishe shi, ta ce, "Malam, an sa sunan nasa kuwa?" Ya kasa ɗaga kai ya dube ta.

Ka ji dalilin da ya sa Hausawa ke cewa girman kai rawanin tsiya.