Gadon da Ba Ya Hucewa

Gabir ya tarar da gadon da ɗumi, yadda ya saba.

Tsohon jirgin yaƙin, ƙirar Rasha mai nitso a teku, ba a gina shi don jin daɗin kowa ba. Injin dizal ya cinye baya, batura sun cinye ƙasa, makamai sun cinye gaba. Ɗan abin da ya rage wa mutane shi ne gado ɗaya ga mutum biyu: wannan na aiki, wancan na barci. Gabir da ƙanensa Shahata suka raba nasu.

Ana gobe za su bar Iskandariyya, Shahata ya kira jirgin akwatin gawa a gaban mahaifiyarsu, Gabir ya kwaɗa masa mari. Abin na cinsa. So yake ya nemi gafara, amma yaron ya ƙi haɗuwa. Gabir na can baya wajen inji, shi kuma gaba wajen makamai, in Gabir ya zo kwanciya sai ɗumi da ƙanshin kanumfarin da Shahata ke taunawa.

"Kai, wannan yaro da riƙo kamar raƙumi!" in ji Gabir a wajen cin abinci.

Baffa Dasuƙi mai girki bai yi dariya ba. Mutumin da ke ƙirga wake a faranti, sai ga shi yana ƙara wa Gabir ludayi. Masu tsokanarsa da "angon dizal" ma duk sun daina.

Gabir ya koma yi wa matashin kai magana. "Ka yafe mini, ɗan'uwana." Da ya dawo daga aiki, sai ya ga an ninke bargon ninki uku, irin na mahaifiyarsu. Hankalinsa ya ɗan kwanta.

Ranar da suka taso sama a bakin tashar jiragen ruwa, ya tsaya gindin tsani yana duba masu fita ɗaya ɗaya. Kowa ya sunkuyar da kai ya wuce. Dasuƙi ne na ƙarshe.

"Baffa, ina Shahata ya maƙale?"

Tsohon ya riƙe masa hannu, idonsa ya cika.

"Sai haƙuri, ɗana. Mota ta buge shi a hanyar tasha ranar tashinmu, kyaftin ya ce a ɓoye maka sai mun dawo."

"To ɗumin gadon fa? Ku ne?"

"Haka muka shirya, mu riƙa kwanciya bi da bi kada ka gane. Amma wallahi duk wanda ya je, da mutum a kwance yake tararwa."