Na'ura ta Huɗu

Jar fitilar ta sake kamawa, injiniyar ta ajiye biron da take taunawa.

Na'urori bakwai ne a ramin haƙar kwal ɗin, aikinsu sansanar iskar gas. Ba mai ba su umarni. Su suke tuntuɓar juna, abin da biyar suka yarda da shi, shi ne magana. An tsara su haka ne don ko wata ta lalace, ko mugun hannu ya taɓa ta, sauran su rinjaye ta.

Yau shida sun ce iska lafiya lau, bakinsu ɗaya, lambarsu ko motsi ba ta yi. Ta huɗu kuwa tun safe take kunna jar fitila, tana cewa kada kowa ya sauka.

Manaja ya leƙo ofishin yana share gumi. "Har yanzu mai baƙin bakin nan ce? Cire ta, mutane na jira."

Injiniyar ta san inda matsalar take. Makon jiya masu gyara suka zo da fararen riguna, suka bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya. Ta huɗu tana can ƙuryar rami inda ruwa ya tare hanya, ba su kai gare ta ba. Ita kaɗai aka bari da tsufanta.

Duk da haka injiniyar ba ta yi saurin cire ta ba. Cikin masu jiran kejin da ke saukar da ma'aikata cikin rami akwai ƙaninta. Ita ta nema masa aikin, ga matarsa da tsohon ciki. Muryarsa ta shigo ta rediyo, yana dariya.

"Yaya, ki sake mu mana. Ko sai mun yi saiwa a nan?"

Ta dubi shidan, ta dubi ɗayar. Ta danna maɓallin neman a cire ta huɗu.

Nan take shidan suka amince a fitar da ta huɗu daga cikinsu. Jar fitilar ta mutu. Kejin ya yi ƙara, fitilun hulunan ma'aikata suka nutse cikin duhu har suka ɓace.

Sai da ya isa ƙasa ta kira kamfanin da ya ƙera na'urorin. Ta ce a dawo da masu gyaran makon jiya, su ƙarasa wadda suka tsallake.

Aka ji matar da ta ɗauki wayar tana dube-dube.

"Ranki ya daɗe, waɗanne masu gyara? Mu bana ba mu aiko muku kowa ba."