Igiyar Akuya a Ajin Tarihi

Har yau warin igiyar nan yana hancina, warin fitsarin akuya.

Muna fom biyu a Zonkwa, Ticha Dogara yana koya mana dalilin da ya sa jihohin kudancin Amurka suka ɓalle daga tarayya. Da ya ga ba mu gane ba, sai ya fita ya kwanto igiyar akuyar maigadi. Ajin cike yake, amma ni ya kira. Duk gari an san cewa da dawa aka sayo kakana lokacin yunwa.

Ya zarga mini ita a wuya, ya miƙa wa Bulus, abokin zamana.

"Bulus, wannan bawanka ne, shi ke maka noma. Sabon shugaba ya hau, kana tsoron zai ce ka sake shi. Yaya za ka yi?"

Bulus ya fizgi igiyar har na yi tari. "Sai in bar masa ƙasarsa, Ticha! Ai kayana ne."

Aka kwashe da dariya.

"Dalilin ke nan. Ku rubuta."

Kowa ya duƙufa yana rubutu. Ni kuwa ina tsaye har aka kaɗa ƙararrawa, don ba wanda ya ce a kwance ni.