Mai Zare Itace

"Ke da Turai sai a mafarki," in ji tsohuwar, tana tuƙa tuwo. "Wane irin karatu ne na abin da ido ba ya gani?"

Autarta ta tsuguna gefen murhu. "Inna, sojojin jikin jariri ma girma suke yi, suna ƙona abinci kamar wutar nan. Wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa, mikro-ARN, ke daidaita musu wutar. A kansu nake bincike."

Zazzaɓi ne ya cinye ɗan farin tsohuwar kafin yaye. A hankali ta zare itace ɗaya daga murhun.

Da safe, ita ta ɗauko jakar autar a ka har tashar Gure.

"Je ki koyo. Yayanki bai samu mai zare masa itace ba."