Allon Mai Faci

Gambo, tunda ka kafe sai an buga maka takardar tallan nan da rubutu mai kauri tun daga sama har ƙasa, daina zagaye, ja benci ka zauna in ba ka misali.

Wani mai faci ne ya kafa rumfa a bakin titi, daidai wata kwana inda manyan motoci ke rage gudu kaɗan kafin su sake taka wuta. Mutum ne da bai taɓa ɗumama wurin zama ba. Ya sayar da shayi, ya yi gyaran keke, ya yi kiwon zabi, kowanne wata uku ya tattara. Wannan karon matarsa ta ce ita ta gaji da ɗaure kaya, in kakar bana ta wuce bai kafu ba, ƙauye za su koma ya kama fartanya. Shi kuwa duk duniya ba abin da yake gudu kamar fartanya.

Sai ya nufi tasha wurin mai rubutun allo. Mai rubutun nan yana da wani hannu da ake zuwa nema daga nesa. Haruffansa ƙosassu ne, ƙafar kowanne kamar taɓarya, ga ɗan takalmi a gindi, ga 'yar hula a ka, inda layi ya lanƙwasa kuma ya sirance kamar wuyan tulu. Takalman nan su ke sa harafi ya tsaya daram, ido ya bi su daga wannan zuwa wancan ko mota na gudu. Ya shafe allo da farin fenti, ya dangwara haruffa huɗu: FACI. Ya ja da baya taku arba'in kamar yadda ya saba, ya kanne ido ɗaya, ya ce ya yi.

Mai faci ya ce ina, ai an bar fili kamar filin idi. Washegari ya dawo a ƙara "da iska". Jibi ya dawo a ƙara gyaran bawul ɗin taya. Kafin mako ya zagayo an sa tsofaffin tayoyi, ruwan batir, lambar waya, sunan garinsu, har da kirarin da ake yi masa yana saurayi. Mai rubutu ya gaya masa wannan hannun kamar bijimi yake, fili yake so, a bari ƙananan abubuwa su zo daga ƙasa da siririn rubutu. Mai faci ya ce shi ba ya nuna bambanci tsakanin 'ya'yansa, don me iska za ta yi ƙiba ruwan batir ya rame? Kowa a ba shi kauri. Haruffa suka fara taka wa juna takalmi, cikin "a" da "o" ya toshe, har sai da aka ƙara katako biyu, allon ya rufe rumfar da injin iskar da ke cikinta. Mai rubutu ya roƙe shi ya ja taku arba'in ya duba. Ya yi biyar, ya ce sauri yake yi, kuma ga shi yana karantawa sarai.

Kaka ta kama. Motocin masara da na wake suna wucewa kamar jerin tururuwa, ba wadda ta ko taka birki. Mai faci ya zauna, ya tashi, ya leƙa titi, ya koma. Ya matsar da allo hagu, ya mayar da shi dama, ya goge shi da rigarsa. Ya zargi fenti, ya zargi kwanar, ya zargi maƙiya.

Ran nan da rana tsaka tayar wata mota ta fashe can gaba kaɗan. Direba ya gangaro da tayar yana gumi, ya tsaya ya sha inuwar allon, ya ce, "Malam, don Allah ina ake faci a nan kusa?" Mai faci ya nuna masa sama. Direba ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wallahi sau goma ina wucewa ta nan bana, na ɗauka sunayen masu zaɓe aka kafe."

Mai faci yana gama liƙe tayar ya ɗora allo a ka sai tasha. Mai rubutu ya sake shafe shi fari, ya mayar da haruffansa huɗu. Amma kafin fenti ya bushe hatsi ya gama shiga rumbu, motoci sun ɗauke ƙafa, uwargida ta riga ta ɗaure kaya. An ce yanzu allon shi ne ƙyauren akurkin kajinsa, kuma daga gonar da yake duƙe da fartanya yana hango FACI tar.

To Gambo, zaɓi kalma ɗaya ka ƙosar da ita, sauran su yi azumi. In dambu ya yi yawa, ba ya jin mai.