Ƙurar da Kelvin Ya Shaƙa

Motar ma'aikata ta wuce ta gabanta, babu wanda ya ɗaga mata hannu. Noelene Targett ta gyara tsayuwa a ƙofar masana'anta, ta ƙara ɗaga kwalinta sama. A jikinsa ta rubuta: Kun kashe min miji da ransa.

Masana'antar nan ita ke ciyar da garinmu. Tana niƙa dutsen manganis ya koma baƙin gari mai laushi kamar kwalli, a ɗura a buhuna, a loda wa jirgin ruwa. Kowa ya san dokar wurin: takunkumi a hanci, a jiƙa ƙasa kafin a share, a yi wanka kafin a tafi gida. Kowa kuma ya san abin da garin manganis ɗin ke yi wa wanda ya daɗe yana shaƙarsa. Ba ya tsayawa a huhu, ƙwaƙwalwa yake hawa.

Kelvin, mijin Noelene, motar lodi yake tuƙawa a can tun yana saurayi. Ita kuma kwanukan yumɓu take ginawa tana kaiwa kasuwar Launceston, inda ake rububinsu saboda wani ƙyalli da suke yi kamar tagulla. Ruwan da ake shafa musu kafin a gasa, Kelvin ke haɗa mata shi. Ranar Asabar zai shige ɗakin aikinsu na bayan gida, ya rufe ƙofa saboda iskar teku, ya kunna rediyo yana jin wasan ƙwallo, sai can ya fito mata da bokiti a dame.

"Wai me kake zubawa ne, tsoho?"

"In na faɗa miki ai kin sallame ni daga aiki," in ji shi, su yi dariya.

Ciwon ya fara da rubutunsa, ya yi ta ƙanƙancewa har ba ya karantuwa. Sai cokali ya soma kuɓuce masa. Daga nan ya koma tafiya a kan yatsun ƙafa kamar zakara, in ya ja da baya kuwa sai faɗuwa. Fuskarsa ta daskare, ba fara'a ba fushi.

Likita ya duba hoton ƙwaƙwalwar, ya ce manganis ne. "Za mu iya rage masa wahala. Mayar da shi yadda yake, wannan ba ya hannunmu."

Ba a daɗe da dawowa daga asibiti ba, Noelene ta dawo daga kasuwa ta tarar da ɗakin aikin sharkaf da ruwa. Kelvin ya jiƙa ko'ina da tiyo, ya farfasa tandar gasa kwanuka da guduma, ya kira abokinsa Merv ya kwashe komai a mota, ya garƙame ƙofar da kwaɗo. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Likita ya ce ciwon yakan zo da irin wannan taɓuwar, kada ta riƙe shi a rai.

Ba ta riƙe shi ba. Masana'anta ta riƙe: ta cinye mata miji, ta cinye mata sana'a.

Ta kai ƙara. Hukuma ta turo masu bincike, suka auna iskar wurin, suka duba motar lodin da gilasanta a rufe, suka gwada duk waɗanda ke aiki tare da Kelvin. Ba a sami komai ba. Lauyanta ya janye cikin ladabi. Noelene ta ce an saye su ne duka.

Maƙwabta suka daina gaishe ta. A shagon mahauci wata ta ce, yadda Noelene za ta ji, "Wasu dai so suke a rufe mana wurin cin abinci." Noelene ta rame, tari ya kama ta, amma kullum tana ƙofar nan, ko da ruwa ko da sanyi.

In ta fita, Merv ke zama da Kelvin. Ran nan yana ba shi shayi da tsinken zuƙa, ya ajiye kofin da ƙarfi.

"Mutumina, wannan abu ya isa. Sanyin nan zai kashe ta a bakin ƙofar can. Ka yi mata magana."

Kelvin ya daɗe yana kokawa da harshensa. Muryar ta fito can ƙasa, kalma na cin karo da kalma.

"Bar ta... ta tsane su. Masana'anta... ba ta jin zafi."

"Ita fa? Ita ba ta ji?"

"Wannan... za ta iya ɗauka."

Merv ya ɗauko tsumma. Ya goge wa abokinsa yawun da ke gangarowa, ya kau da kai wajen taga.

Ban da Kelvin, Merv kaɗai a garin nan ya san abin da ya kwashe a motarsa ranar da kowa ya ce Kelvin ya taɓu: rariyar tankaɗe, tsintsiya, da buhunan garin manganis ɗin nan, wanda Kelvin ya yi shekara da shekaru yana tankaɗewa a bushe, ba takunkumi, ƙofa a rufe, don kwanukan Noelene su yi ƙyalli.