Jar Fitilar da Ta Ƙi Kamawa

Ajiye sukudireban nan tukuna, malam, ka ji abin da ya sami wani tsohon ma'aikacin reluwe. Aikinsa kula da fitilun da ke ba jirgi hannu: ja a tsaya, kore a wuce. Da ya yi ritaya kewar layin dogo ta dame shi, sai shi da amininsa, wani tsohon direban jirgi, suka haɗa ɗan ƙaramin jirgin ƙasa a kan faffaɗan katako a zaure. Ga tasha, ga ƙofar da ke sauka in jirgi zai gifta, ga 'yar fitila mai ja da kore. Direban ne mai hannu a harkar lantarki. Shi ya haɗa akwatin da ke sarrafa komai, har ya sa masa kukan jirgin da ya tuƙa da kansa, wanda ya naɗa tun yana aiki. Bayan Allah ya yi wa direban rasuwa, kullum da la'asar tsohon nan yakan kunna, jirgi ya zagayo, kukan ya tashi, ya ji kamar amininsa ne ya yi sallama.

Ran nan ja ta ƙi kamawa. Jirgi na tafiya, ƙofa na sauka, kuka na tashi, kore ma lafiya lau. Amma wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin dogo ba ya iya kallon jirgi yana wuce matacciyar fitila, ko da na wasa ne. Kuma shi a saninsa, in babbar fitila ta yi gardama, can ɗakin wayoyi laifin yakan fito. Sai ya kwance akwatin. Matarsa ta leƙo ta ce, "Malam, da ka bar wa marigayi aikinsa." Ya ce ai yanzu zai gama. Ya zare wannan waya, ya mayar da waccan inda yake zaton nan take, ko ɗaya bai sa wa alama ba. Ƙofa ta daina sauka. Maimakon ya dakata, zuciya ta ɗebe shi, ya ɗauko ƙarfen dalma ya shiga narkar da abin da lafiyarsa ƙalau. Da ya kunna, wani siririn hayaƙi ya tashi daga wani ɗan baƙin abu da kukan ke ciki, zaure ya ɗauki warin ƙonanniyar roba.

Sai a lokacin ya zare ƙwan fitilar, wanda bai fi ƙwayar dawa ba, ya kara shi da batir. Bai kama ba. Ashe ƙwan ne kaɗai ya mutu, irin wanda ake samu a kowace rumfar masu gyaran rediyo. Mai gyara ya tayar masa da jirgi da ƙofa da fitila, amma kukan ya ce babu inda za a samo shi. Har yau jirgin na zagayawa, ja na kamawa tar, tsohon na zaune yana kallo, amma babu kukan. Ni kam ina tausaya masa, don ba sakaci ne ya ja masa ba, son gyara ne.

To, ka fara da abin da ya mutu, sannan ka bi wayarsa a hankali, kada ka taɓa abin da bai yi maka laifi ba. Ai Hausawa sun faɗa: garin neman gira, a rasa ido.